Dodoniya: Shingen Da Ba Ya Tsufa

Kowace shekara sai an sake dannin kara a lambu, domin gara da iska ba sa ƙyale shi. To, me zai hana mu dasa shinge mai rai?

Akwai wani ɗan itace da masana ke kira Dodonaea viscosa. Yana tsirowa da kansa cikin rairayin bakin teku a Afirka ta Yamma, inda ya saba da gishiri da iska mai ƙarfi. Ganyensa siriri ne mai danƙo, kuma kore shar yake rani da damina. Saboda jimirinsa ga fari, har a Kano da Zariya ana kewaye gidaje da shi.

Ƙwayar irinsa tana da tauri, saboda haka a zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki. A shuka da farkon damina inda ruwa ba ya kwanciya, a bar tazarar ƙafa 2 tsakani. In ya kai gwiwa a datse kansa don ya yi rassa daga ƙasa, in ba haka ba gindinsa zai zama kafa-kafa, kaji su riƙa kutsawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.