Sulhu Ba Tsoro Ba Ne

Jama'a, a watan Mayu na 1981 jandarmomin Kamaru suka kashe sojan Nijeriya biyar a bakin iyaka. Hankali ya tashi, ana ta neman ramuwa. Shugaba Alhaji Shehu Shagari bai yarda da yaƙi ba. Ya nemi Kamaru ta ba da haƙuri, ta biya diyya, ta kuwa yi.

Asalin wannan hali yana ga Manzon Allah (S.A.W.). A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ya karɓi sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi. Bayan shekara biyu Allah Ya buɗe masa Makka.

Mai kiran yaƙi ya tuna, gobarar maƙwabci ba ta tsayawa a danga. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.