Furen Hunturu da Lafiyar Katanga

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya busar da ciyawa, ƙura ta lulluɓe birnin Zazzau, akwai itatuwan da a nan suke ado. Minjirya kan kaɗe ganyenta ta fito da jan fure. Kariya, mai kumburarren gindi, ita ma haka take yi. Zogale na ba da farin fure, ga ganyen miya. Duk suna zama a tsakar gida irin ta Limancin Kona, kuma a unguwar malamai ba sai an tuna wa kowa ba cewa abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne.

Sai dai kowace damina, musamman cikin Agusta, akan ji gini ya faɗi, wani lokaci da mutane a ciki. Akan ɗora wa ruwan sama laifi, alhali sau da yawa ɓarnar tun rani aka fara ta. Mai gida ya dasa ice a jikin katanga don wuri ya yi kaɗan, yara na zuba masa ruwa safe da yamma, danshi na shiga tushen gini, saiwa na binsa, gara na biye da su.

Katangar ƙasa kamar dattijo take. Yana jure zafin bazara, yana jure sanyin hunturu, in an canza masa riga, wato yaɓe, sai ya ga jikoki da tattaɓa kunne. Abu ɗaya ne ba ya so, a bar ƙafarsa cikin ruwa. Ba zai yi ƙara ba, ba zai yi raki ba, ranar da ƙafar ta gaza ne kawai za a sani. Da irin ƙasar nan Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, saboda haka kada a ce ƙasa ce ba ta da ƙarko. Wanda ya ga gindin katangarsa ya yi duhu, yaɓe na ɓamɓarewa, ya kau da kai, wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne, kuma haƙƙin maƙwabcin da ke kwana a bayanta yana wuyansa.

Don haka a ja da shuka taku uku ko huɗu daga gini, a yi mata ɗan gurbi, a gyara rariya. In fili bai kai ba, tsohuwar randa da aka huda gindinta ta wadatar da kariya.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Minjirya da zogale reshe ake kafawa da farkon damina. Takin akuya da ya ruɓe ya isa, ruwan alwala ma ya isa. A killace saboda tumaki. Ruwan jikin kariya dafi ne, a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.