Amfilifaya Guda Ko Biyu?

Malam Habu daga Funtuwa ya rubuto yana tambaya: zai haɗa kayan sauti a falonsa, shin amfilifayar sitiriyo zai saya ko monobulok?

To, Malam Habu, mun gode. Sitiriyo akwati ɗaya ne mai hanyoyin sauti biyu, hagu da dama, kuma galibi taransifoma ɗaya ke ba su wuta. Shi kuwa monobulok hanya ɗaya gare shi, lasifika ɗaya yake ɗauka. Ke nan sai ka sayi biyu.

Amfanin monobulok shi ne kowace lasifika tana da nata ƙarfin wutar. Idan ganga ta buga da ƙarfi a hagu, ba za ta janye wutar dama ba, sautin ɓangarorin kuma ba ya kutsawa cikin juna. Kana iya ajiye kowanne dab da lasifikarsa, wayar ta gajarta. Sai dai akwai tsada. Ga cin wuri, ga zafi, ga soket biyu, sannan dole ka nemi na'urar da ke zaɓar sauti da daidaita ƙararsa, domin yawancin monobulok ba su da maɓallin ƙara murya.

Shawarata, in falonka madaidaici ne, lasifikunka kuma ba masu cin wuta sosai ba ne, sayi sitiriyo mai kyau. Ragowar kuɗin ka zuba a lasifika, don nan kunne ya fi jin bambanci. Kada kuma ka manta da sitabilaiza, Malam Habu.