Hanyar Gwanja

Kowa a cikinmu ya san goro. Ba a ɗaurin aure sai da shi, ba a suna sai da shi. Amma itacen goro ba ya yi a ƙasar Hausa, sai a kurmi. To, yaya kakanninmu suka samo shi, tun babu mota babu jirgi?

Da ƙafa suka je. Akwai tsohuwar hanya daga Kano zuwa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yanzu. Waɗansu fatake sukan bi ta Zariya da Birnin Gwari, su haye Kwara a Busa, su ratsa Nikki da Yandi, kana su isa Salaga.

Sukan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke. Mutum ɗaya ba ya bin hanyar nan, don akwai mahara a daji. Sai a haɗa ayari. Shugaban ayari shi ne madugu. Jagaba yana gaba, shi ya san rafi da zango. Kowane sarki aka bi ta ƙasarsa sai an ba shi gaisuwa, kowane kogi sai an biya kuɗin fito. Jakuna suna ɗauke da kanwa da tufafi da jan fata. Tafiya da dawowa sukan ci wata da watanni.

Dawowa ta fi wuya, gama goro ba ya son zafi. Akan naɗe shi cikin ganye, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince mai tsutsa. Falken da ya yi sakaci, ya yi wahalar banza.

A 1892 yaƙi ya watse Salaga. A 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya hauro da shi arewa. Tashar da yake bi a Kaduna tana kudu da kogi, nan kusa da mu mutanen Nasarawa.

Daga nan ciyawa ta rufe turbar fatake. Tsohuwar Busa ma ruwan madatsar Kainji ya shanye ta a 1968. Amma har yau a garuruwan Gana unguwar baƙi Musulmi sunanta Zango, kuma Hausa ake ji a cikinta.