Babban Jami'in Haja: Aikinsa da Ladubban Ɗaukarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, da yawa daga matasanmu mazauna Ingila da Amurka sun shiga harkar manhajoji: ta aika kuɗi gida, ta karatun Alƙur'ani, ta kai naman halal har ƙofa. Sau da yawa jarin daga aljihun iyaye da dangi yake fitowa, wani ma kwasar adashi ce. Da zarar kamfani ya fara tsayawa da ƙafafunsa, sai masu zuba jari su ce a nemi babban jami'in haja, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da CPO. Kuskure wajen ɗaukarsa yana cinye dukiya, yana kuma taɓa zumunci. Shi ya sa muka keɓe masa wannan darasi.

Mene ne aikinsa?

Haja ita ce abin da kamfani ke sayarwa, a kamfanin fasaha kuwa ita ce manhajar kanta. Shugaban kamfani yana riƙe da alƙibla da neman jari. Babban jami'in fasaha yana amsa tambayar yadda za a gina abu. Shi kuwa jami'in haja tambayoyinsa uku ne: me za a gina, don wa, kuma me za a bari? Yana zama da masu amfani da manhajar, ya karanci alƙaluma, ya jera ayyuka daki-daki, sannan ya haɗa kan injiniyoyi da masu zane da 'yan talla a kan tsari guda.

Ana danganta asalin wannan sana'a ga shekarar 1931, lokacin da Neil McElroy, ma'aikaci a kamfanin Procter & Gamble, ya ga sabulun Camay yana fama a inuwar sabulun Ivory, alhali duka na gida ɗaya ne. Sai ya rubuta takarda yana ba da shawarar kowace haja ta sami mutumin da alhakinta ke wuyansa. A yau muƙamin ya zama matakalar shugabanci: Greg Peters na Netflix da Neal Mohan na YouTube duk sun riƙe shi kafin su hau kujerar shugaban kamfani a 2023.

Jigon aikin shi ne iya cewa a'a

Sa'ad da Steve Jobs ya koma Apple a 1997, ya tarar da kwamfutoci iri-iri masu rikitar da mai saye. Sai ya mayar da su gida huɗu kacal: ta tebur da ta tafi-da-gidanka, kowacce da ta gama-gari da ta ƙwararru. A 1998 aka fitar da iMac, kamfanin ya farfaɗo. Taura biyu ba ta taunuwa. Manhajar aika kuɗi da ke son zama kasuwa da dandalin hira da jadawalin salla a lokaci guda, ƙarshenta babu wanda za ta iya da kyau. Jami'in da ba ya iya ƙin buƙatar babban mai zuba jari, ko ta limamin unguwa, cikin ladabi da hujja, bai dace da kujerar ba.

Yaushe ake ɗaukarsa?

Kamfani mai ma'aikata biyar ba ya buƙatarsa. Wanda ya kafa shi ne jami'in haja na farko, domin shi ya san matsalar da aka fito magancewa. Lokaci ya yi idan ƙungiyoyin injiniyoyi sun wuce ɗaya, shawarwari suna kwana a teburin shugaba, ana gina abubuwa babu mai iya faɗin dalilinsu. Kafin nan, ƙwararren da zai zo kwana ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Ma'auni biyu: ƙarfi da amana

A aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, cikin ƙissar Annabi Musa a Madyana, an ambaci siffofi biyu na mafificin wanda ake ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Malamai sun gina fiƙihun naɗin ma'aikata a kansu.

Ƙarfi a nan shi ne ƙwarewa. Kada sunan babban kamfanin da ya baro ya ruɗe ku. Wanda ya saba da injiniyoyi ɗari yana iya kasawa da guda shida. Ku tambaye shi:

1. Wace haja ka taɓa dakatarwa, kuma me ya sa?
2. Yaushe rabonka da zama da mai saye ido da ido, me ka koya?
3. Wane hukunci ka yanke ya zama kuskure, ya ka gyara shi?

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ba shi matsala ta gaskiya daga manhajarku ya yi nazari, ku biya shi ladan lokacinsa. Sannan ku tuntuɓi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba iyayen gidansa kaɗai ba.

Amana kuwa ta fi ɓoyuwa. Wannan jami'i ne zai yanke ko a bayyana kuɗin hidima tun farko ko a binne shi cikin farashin canji, ko a sauƙaƙa wa mutum fita daga rajista ko a wahalar da shi. Ɓoye irin wannan algus ne, ko da ya ƙara riba. Hukumomi ma ba su kyale shi ba: a watan Yunin 2023 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kai Amazon kotu kan zargin wahalar da masu son fita daga Prime. A Birtaniya kuma, tarar sakaci da bayanan jama'a tana iya kaiwa fam miliyan 17.5 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara. Ku tambaye shi kai tsaye: idan wata dabara za ta ƙara kuɗin shiga amma ta yaudari mai saye, me za ka yi?

Yarjejeniya

Shari'a ta sharɗanta a san lada da aiki a cikin ijara. A rubuta albashi, da lokacin gwaji, da iyakar ikonsa: me zai yanke shi kaɗai, me zai koma ga shugaba. Idan za a ba shi hannun jari, al'adar kamfanonin fasaha ita ce ya mallake shi sannu a hankali cikin shekara huɗu, ba ya samun komai sai ya cika shekarar farko.

Daga ƙarshe, akwai jarrabawar da ta fi yawa a cikinmu: kunya. A ƙasar baƙunci ɗan garinku ɗan'uwanka ne, ƙin ɗaukar ɗan aminin mahaifinka yana da nauyi. Amma dukiyar da ke hannunka ta mutane ce. Idan ya cancanta, ya bi matakan da kowa ya bi. Idan bai cancanta ba, ɓacin ran yini guda ya fi gabar shekaru bayan jari ya salwanta.

Allah ya sanya albarka a nemanmu, ya ba mu ikon riƙe amana.