Darasi: Dokar Fansho Ta Tarayya

Fansho shi ne kuɗin da ma'aikaci yake karɓa bayan ya ajiye aiki. A da, tsofaffi da yawa sun sha wahalar jiran haƙƙinsu. Wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Don haka Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar doka a shekarar 2004. An sake ta a 2014.

Dokar ta ce kowane ma'aikacin da ta shafa ya buɗe asusu da sunansa. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa. Wanda ya ɗauke shi aiki zai ƙara aƙalla kashi 10. Misali, mai albashin naira 100,000 zai ba da 8,000, a ƙara masa 10,000. Ya tara 18,000 ke nan.

Dole a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ita take sa ido. Ma'aikaci ya riƙa duba asusunsa. In ba a zuba ba, ya kai kuka wurinta.

Wanda ya yi ritaya yakan fara karɓa in ya kai shekara 50. Wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar kashi 25.

Tun 2019 manoma, teloli da 'yan kasuwa ma suna iya buɗe asusu, su riƙa tarawa kaɗan-kaɗan.

Tambayoyi:
1. Mene ne fansho?
2. Kashi nawa ma'aikaci yake bayarwa?
3. Ina zai kai kuka?