Ka Ba Murya Gaba a Layin Suwic

Idan kai ke kula da kwamfutocin ofis ko makaranta, ka san wannan ƙorafin: ana tsakiyar kira ta intanet, wani ya fara sauke babban fayil, sai murya ta riƙa yankewa. Sau da yawa matsalar layin jira ce. Suwic, na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta, tana tara ƙunshin bayanai a bakin kowace ƙofa, kuma in ba ka tsara mata ba, wanda ya riga zuwa shi ke fita.

Fayil yana iya jira, murya ba ta iyawa. Shawarar G.114 ta hukumar ITU ita ce jinkirin zuwa kaɗai kada ya wuce milisakan 150. Don haka ka yi wa murya alamar DSCP 46, ka sa ta a layin da ake sallama kafin kowa. Amma ka yi wa layin nan iyaka, kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin hanyar, in ba haka ba zai lamushe komai ya bar sauran a tsaye. Ragowar layukan a sallame su bi da bi gwargwadon nauyinsu: bidiyo ya samu kaso mai tsoka, sauke-sauke su biyo baya.

Abin da ya fi damuna shi ne amincewa da alamar da kowace kwamfuta ta manna wa kanta. Tarhon ofis kaɗai za ka amince wa, sauran kuwa ka sa suwic ta mayar da alamarsu sifili. Kuma ka fara gyaran daga ƙofar da ke kaiwa ga rauta, na'urar da ke haɗa ku da intanet, don can cunkoson ya fi taruwa.